Ko Lantarkin Gogayya Zai Iya Ɗaga Ƙarfe Ya Tsaya A Iska?

Wani mai sauraronmu daga Gwaram, ɗan kasuwa mai cin kasuwar Sara, ya aiko da wasiƙa. Ya ce ya ga wani baƙo ya sa allura ta tsaya a iska tsakanin tafukansa, ya ce wai lantarkin da ke cikin iska ne ya riƙe ta, wai kuma in an haɗa masa kuɗi zai ƙera injin da zai riƙa ɗaga garma da buhu. Shi ne yake tambaya ko haka na yiwuwa kafin ya sa kuɗinsa.

To Malam, ka yi dabara da ka tambaya tukuna. Shi wannan lantarki gaskiya ne, akwai shi, ka kuma san shi. Da hunturu, in ka tuɓe rigar leda cikin duhu ka kan ji ƙas-ƙas har ka ga ɗan tartsatsi. Lokacin da nake koyarwa a wata firamare kusa da Birnin Kudu, na kan sa yara su goga biro a gashin kansu su ɗauki guntayen takarda. Da hunturu abin ya kan yi kyau, da damina sai ya ba ni kunya a gaban aji, don laima na kwashe cajin.

Abin ya daɗe. Girkawan dā sun lura cewa in aka goga wani irin sandararren ƙaro, ya kan jawo ƙaiƙayi. A 1600 likitan Sarauniyar Ingila, William Gilbert, ya bambanta wannan jan da na maganaɗisu. Sai wani magajin garin Magdeburg a Jamus, Otto von Guericke, ya yi dunƙulen farar wuta, ya goga shi da hannu, ya sa gashin tsuntsu ya tashi yana shawagi a bisansa, yana bin sa da dunƙulen cikin ɗaki. Ya buga labarin a 1672.

A kan ƙarfe kuwa, wajen 1750 Benjamin Franklin na Amurka, wanda ya nuna cewa walƙiya lantarki ce, ya yanki fallen zinariya wanda ya fi fatar albasa rashin kauri, ya sa shi ya tsaya a iska kusa da wani ƙarfe mai caji, yana kaɗawa kamar kifi cikin ruwa. Ka ga ke nan ƙarfe ya taɓa tashi. Amma dubi irin ƙarfen: wanda numfashinka ma zai hure shi.

Abu biyu ne suka tsaya a hanya. Na farko wani limamin coci ɗan Ingila masanin lissafi, Samuel Earnshaw, ya tabbatar da shi a 1842: caji mai zaune wuri ɗaya ba zai riƙe abu cak a iska ba, dole ya zame gefe ko ya manne. Shi ma fallen Franklin yana tsayawa ne don cajin na ta yoyo daga tsininsa. Na biyu ita kanta iska. In ƙarfin lantarki ya kai wajen bolt 30,000 a tazarar santimita 1, iska ba ta jurewa, sai ta fashe da tartsatsi, cajin ya zube. Aradu ke nan, sai dai ƙarama. Kafin a kai nan, faɗin tafin hannu bai ɗaga abin da ya wuce kamar giram 40 ba, shi ma a lissafin takarda. Yanzu auna bakin fartanyarka, balle garma.

Su ma ƙwayoyin iska masu caji, waɗanda masana ke kira ayon, an gwada su. In aka ba siririyar waya lantarki mai yawa, su kan ruga suna ture iska, sai a sami 'yar iska mai turawa. A 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka sun tashi wani ɗan jirgi da wannan dabara, nauyinsa kilo 2 da rabi, da bolt 40,000, ya yi tafiyar mita 60 cikin zauren wasanni. Hukumar NASA kuma tana tsayar da ɗigon ƙarfe kamar ƙwayar dawa a iska don ta narka shi ba tare da ya taɓa tukunya ba, amma sai an zuƙe iskar akwatin, kwamfuta kuma tana gyara cajin a kowane ƙiftawar ido. Jirgin ƙasan Shanghai na Sin da ke tafiya bai taɓa dogo ba tun 2004, wannan aikin maganaɗisu ne, kada a haɗa.

Saboda haka Malam, tafin hannun mutum ba shi da wannan ƙarfi. Ni a ganina ko siririn zare ne, irin gashin doki ko silin leda, ko maganaɗisu a hannun riga. In baƙon ya dawo ranar kasuwa, ka ba shi taka allurar, ka ce ya naɗe hannun rigarsa, sa'an nan ka zagaya sama da ƙasan allurar da tsinke. Kuɗinka dai su zauna a aljihu tukuna. A gaida mutanen Gwaram.