Gane Ƙarar Giyar Baya da Yoyon Mai a Motocin Jif

Hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya tana daga cikin hanyoyin da motocin jif ke bi da kaya masu nauyi, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta sake buɗe iyakar Nijar a watan Maris na 2024. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa direbobi bayani kan giyar baya, wato akwatin da ke tsakanin tayoyin baya, wanda ke raba musu ƙarfin injin.

Kafin a zargi giya, a fara duba taya. Ƙarar taya tana sauyawa idan aka sauka daga kwalta zuwa yashi, ta giya kuwa ba ta sauyawa. Idan kukan yana tashi yayin da aka taka totur, galibi haƙoran giyar ne suka cinye. Idan sai an ɗaga ƙafa ake jin sa, a binciki boris ɗin da ke bakin furofela. Gurnanin da ke ƙaruwa a kan kwana kuma yawanci na boris ɗin taya ne.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne yoyo, domin ƙara kan zo ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Man giya yana da kauri da wari irin na farar wuta, ba ya ɓoyuwa. Idan aka gan shi a cikin taya ta baya, robar da ke tare mai a bakin aksil ta lalace, kuma man na iya jiƙa birki har ya daina kamawa. Irin wannan mota ba ta cancanci hawa hanya ba.

Sau da yawa asalin matsalar ɗan bututun iska ne da ke saman akwatin. Ƙurar hunturu kan toshe shi, mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta tura shi ta robar. Makanikin da ya sauya roba bai wanke bututun ba, aikin banza ya yi.

A buɗe marfin zuba mai a wuri mai daidai, ya kamata man ya kai bakin ramin. Wanda ya ratsa ruwa da damina a yankin kogin Gada ya duba launinsa. Idan ya yi fari kamar madara, a zubar da shi nan take, a zuba irin wanda littafin motar ya ambata, galibi mai lambar GL-5.