Bakuchiol

Bakuchiol sinadari ne da ake samu a ƙwayar tsiron babchi (Psoralea corylifolia), wanda masu maganin Ayurveda na Indiya suka daɗe suna magance cututtukan fata da shi. An fara ware sinadarin a shekarar 1966. A yau ana saka shi cikin man shafawa a madadin retinol.

Wani ƙaramin gwaji kan mutum 44, wanda mujallar British Journal of Dermatology ta wallafa a 2019, ya nuna dukansu biyu sun rage yamutsewar fata da tabo cikin makonni 12, sai dai retinol ya fi jawo saɓa da raɗaɗi.

Ɗanyen man babchi kuwa daban yake, domin yana ɗauke da psoralen, mai sa fata ta ƙone idan an shiga rana.