Ina ake ƙera Marsandi?

Kowa ya san Marsandi, motar manya. In an tambaya, sai a ce ai ta Jamus ce. Gaskiya ne can aka haife ta, amma yau ba can kaɗai ake ƙera ta ba. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1886 wani Bajamushe, Karl Benz, ya haɗa mota mai ƙafa uku a birnin Mannheim. A wannan shekarar kuma Gottlieb Daimler ya sa wa keken doki inji kusa da birnin Stuttgart. Kowane da kamfaninsa. Wani attajiri, Emil Jellinek, mai sayar da motocin Daimler a Faransa, ya sa aka yi masa wata sabuwar mota, aka raɗa mata sunan ɗiyarsa, Mercedes. A 1926, bayan wahalar da yaƙi ya jawo wa Jamus, kamfanonin biyu suka haɗe, aka samu Mercedes-Benz.

Har yanzu cibiyar tana Stuttgart. Kusa da nan, a garin Sindelfingen, ake yin samfurin S, wadda shugabanni ke shiga. Akwai wata babbar masana'anta a Bremen.

To, me ya fitar da ita waje? Sufuri da tsada, kuma ƙasashe da dama sun ɗora kuɗin duwan mai nauyi kan motar da ta shigo a haɗe. Sai kamfanin ya bi masu saye har gida. Tun 1958 ake haɗa Marsandi a birnin East London na Afirka ta Kudu. A 1997 aka fara ƙera ta a jihar Alabama ta Amurka. Ƙasar Sin kuwa ta ce sai an yi tarayya da kamfanin gida, aka kama aiki a Beijing a 2005. Ko maƙwabciyarmu Najeriya ta buɗe masana'antar haɗa manyan motocin kaya na Marsandi a Inugu a 1980.

Mu lura da kyau. Ƙasar da ke sayen mota kawai, kuɗinta ne ke fita. Wadda ta jawo masana'anta kuwa, ƴaƴanta sun samu albashi, sun kuma koyi sana'a. Mota takan tsufa ta mutu, amma sana'ar hannu gado ce.