Dattin Lungu Da Saƙon Mota Da Jirgin Ruwa: Abin Da Yake Ɓoyewa Da Yadda Ake Fitar Da Shi

Wankin mota da aka saba yi a bakin titi yakan tsaya ne ga abin da ido ke gani: jiki, gilashi, taya da saman kujeru. Wuraren da hannu ba ya shiga kuwa, irin su layin ƙarfen da kujera ke tafiya a kai, ƙarƙashin kafet, ramin safaya taya, kafofin iskar na'urar sanyaya da tsakanin katakan gindin jirgin ruwa, sukan yi shekaru ba a taɓa su ba. A waɗannan wurare ne cuta da tsatsa da ruɓa ke samun mafaka, kuma a nan ne mai saye zai iya gano tarihin da dillali bai faɗa masa ba.

Abin da ke taruwa a cikin mota

Abu na farko ƙura ce. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana da laushin da ke ba ta damar shiga kowace kafa. Idan ta haɗu da ɓurɓushin abinci da danshin damina, sai ta zama abincin funfuna da kyankyaso. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta cewa funfuna kan fara tsirowa a kan abin da ya jiƙe cikin sa'o'i 24 zuwa 48, kuma soson da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa kwanaki bayan samansa ya bushe.

Ɓurɓushin abinci yana kuma jawo ɓera, musamman a motar da aka daɗe da ajiyewa ko wadda ake dakon hatsi da ita. Ɓera yana cin wayoyin lantarki, yana kuma yin sheƙa a kan matatar iskar da ke bayan akwatin dashbod. A Nijeriya wannan ya shafi lafiya kai tsaye, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera.

Motocin da ambaliya ta ci

Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Japan da Amurka sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 nasu Afirka aka kawo su. Daga cikin waɗanda ke fitowa daga Amurka akwai motocin da kamfanonin inshora suka yanke wa hukuncin lalacewa bayan ambaliya, kamar yadda ya faru bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, suka kuma sayar da su a gwanjo. A cikin gida ma, ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nutsar da motoci a unguwanni da dama.

Ana iya wanke irin wannan mota, a sauya mata kafet, a fesa mata turare, amma da wuya a tsabtace dukkan lungunanta. Mai saye ya duba waɗannan wurare:

1. Ramin safaya taya da aljihunan gefen but, ko akwai busasshen taɓo ko yashi.
2. Kusoshin da suka ɗaure kujeru da ƙasa, da ƙarafan ƙarƙashin dashbod. Ba a yi musu fenti, don haka tsatsa a jikinsu alama ce ta ruwa.
3. Bel ɗin kujera: a ja shi har ƙarshe, a ga ko akwai shatin ruwa ko funfuna.
4. Mahaɗar wayoyi, ko akwai kore ko farin gari a bakinta.
5. Cikin fitilu, ko akwai raɓa ko layin taɓo.

Haɗarin bai tsaya ga wari ba. A motoci da yawa, na'urar da ke sarrafa jakar iska ta kariya tana kan daɓen motar ne, kusa da giya, inda ruwa ke fara isa. Tsatsar wayoyi kan ɗauki watanni kafin ta bayyana, bayan an riga an biya kuɗi. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ƙungiyar NICB ta kamfanonin inshorar Amurka tana da shafin VINCheck na kyauta, wanda ya samo asali daga rijistar motocin da Katrina ta lalata.

Gindin jirgin ruwa

A jirgin ruwa, duk abin da ya zube yana gangarawa gindi: ruwa, man inji, fetur, ƙayar kifi, taɓo. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a can ƙasa har tartsatsi ɗaya ya tayar da gobara. Shi ya sa dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka ke umartar masu jiragen da injin fetur ɗinsu ke rufe a ciki da su kunna fankar fitar da iska na aƙalla minti 4 kafin tayar da inji.

Jiragen katako da ke jigila a kogin Neja da Binuwai da tafkin Kainji suna da tasu matsalar. Taɓon da ya daskare tsakanin katakai yana riƙe danshi, yana ruɓar da itace, yana kuma rufe tsagewar da ya kamata a gani tun tana ƙarama. Haɗurran da suka ci rayuka masu yawa, kamar na Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, sun sake jawo hankali kan lodin wuce kima da tsufan jirage. Jirgin da ba a kwashe taɓonsa ba, babu mai iya shaidar lafiyar katakonsa.

Lungun jirgi yana kuma safarar halittu daga wani ruwa zuwa wani. A 1988 aka gano wani ƙaramin kodi mai zane irin na jakin dawa a tafkin St. Clair da ke tsakanin Amurka da Kanada. Asalinsa yankin Baƙin Teku da tekun Kasbiya ne, kuma ya iso cikin ruwan da manyan jirage ke ɗiba don daidaita nauyinsu. Daga nan ƙananan jirage suka watsa shi, yana toshe bututun ruwan sha da na tashoshin lantarki. Ƙa'idar da ake bi a can ita ce a wanke jirgi, a tsiyaye ruwansa, a bar shi ya bushe kwana 5 kafin a sa shi a wani ruwa. A Nijeriya, ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ke kama da kainuwa, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta shigo ta mashigin Badagry a 1984, daga baya ta kai Kainji. Ɗan guntunta da ya maƙale a farfela ko a raga ya isa ya kafa sabon daji.

Yadda ake sharewa

Ana fara aikin a bushe, sannan a kawo ruwa, domin ƙurar da aka jiƙa taɓo take zama. A fara daga sama a gangaro. Kayan aikin ba su da tsada: injin zuƙe ƙura mai siririn baki, burushin fenti mai laushi, tsohon burushin goge baki, da tsumma mai tsabta da aka naɗa a jikin tsohon katin roba. A tura kujera gaba, a share layinta, sannan a mayar da ita baya. Iskar injin mai faci tana fitar da abin da ya maƙale, muddin ƙofofi na buɗe kuma an rufe hanci.

Akwai abubuwan kiyayewa. Kada a fesa ruwa a dashbod ko ƙarƙashin kujera, kada kuma a taɓa mahaɗar waya mai launin rawaya, domin ta jakar iska ce. Bel ɗin kujera sabulu mai sauƙi da ruwa kawai yake buƙata, saboda bilic yana raunana zarensa. Kada a shafa man ƙyalli a sitiyari ko matakin birki. Kada a yi goge da fetur ko kananzir, kada kuma a gauraya bilic da wani maganin wanki, domin haɗin na iya fitar da iska mai guba.

Idan an ga kashin ɓera, shawarar hukumar CDC ta Amurka ita ce kada a share shi a bushe, kada kuma a zuƙe shi da inji. A buɗe ƙofofi motar ta sha iska, a sa safar hannu, a jiƙa wurin da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a jira minti 5, sannan a goge. A ƙarshe a duba kafofin magudanar ƙasan ƙofofi da bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya, a kuma sauya matatar iska da zarar hunturu ya wuce.

A jirgi, a kwashe katakan daɓe, a kankare taɓo, a buɗe kafofin da ruwa ke bi zuwa wurin kwarfa. Ruwan da ya gauraye da mai a tsane shi da tsumma a fitar da shi tudu, kada a zuba shi a kogin da jama'a ke sha.

Nauyin da ke kan hukumomi

Dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yaudarar mai saye game da yanayin kaya. Tun 2022 hukumar kwastam ke amfani da lambar VIN wajen ƙiyasta harajin motoci, wato lambar da ke buɗe tarihin mota tana hannun gwamnati tun daga tashar jiragen ruwa. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin rijista da duba jiragen cikin gida. Tambayoyin da suka dace a yi musu a bayyane suke: motoci nawa masu tarihin ambaliya suka shigo, wa ke sanar da mai saye, kuma yaushe aka duba gindin jirgin da ke ɗaukar 'yan kasuwa a mashigar garinku?