Yadda Faifan Fillmore East Ya Tsira Daga Almakashi

Mu masu sana'ar ɗaukar sauti da haɗa shi, duk yaron da ya zo koyon aiki sai mun zaunar da shi ya saurari At Fillmore East na ƙungiyar Allman Brothers Band. Faifansu biyu na farko, da aka ɗauka a situdiyo, ba su yi kasuwa ba, alhali in suka hau dandamali ba masaka tsinke. Sai suka ce to, a ɗauke su a gaban jama'a.

A ranakun 12 da 13 ga Maris 1971 aka yi aikin, a zauren Fillmore East na Bill Graham da ke birnin New York. Furodusan faifan, Tom Dowd, na cikin motar ɗaukar sauti a waje, da tef mai layi 16. Da ya ji baƙi masu busa ƙaho suna dagula kiɗan, ya nemi a janye su. Kowane dare bayan an tashi, shi da makaɗan su zarce situdiyon Atlantic su saurari abin da aka kama.

Wajen haɗawa Dowd bai yi wa kiɗan kwalliya ba, zaɓe ya yi. Jitar Duane Allman a kunnen hagu, ta Dickey Betts a dama, har kana jin yadda ɗaya ke ba ɗaya amsa. Waƙar You Don't Love Me kuwa daga wasa biyu ya ɗinke ta, amma sai mai kunne yake gane bakin ɗinkin.

Ragowar daga a ofis aka yi ta. Jerry Wexler na kamfanin Atlantic ya so a taƙaita komai a faifai ɗaya, don a ganinsa dogon kiɗa ba ya sayuwa. Phil Walden na kamfanin Capricorn, manajan ƙungiyar, ya kafe sai faifai biyu, kuma a farashin ɗaya, don talaka ya iya saye. Da haka waƙar Whipping Post, mai kusan minti 23, ta cinye fuska guda ta faifai sukutum.

Faifan ya fito a Yulin 1971, ya samu shaidar zinare a Oktoba, watan da Duane ya rasu a hatsarin babur a garin Macon. Da Walden ya sassauta, da duniya ba ta san Duane a cikakken ƙarfinsa ba. Shi ya sa muke gaya wa yaranmu cewa kare waƙa daga yanka yana cikin aikin mai haɗa sauti, ko da mai kuɗi ne ya riƙe almakashin.