Ƙaramar mota mai tsimin mai: Abin dubawa kafin saye a Malumfashi da Funtua

Har zuwa safiyar 29 ga Mayun 2023, matashin da ya tara kuɗin mota a Malumfashi ko Funtua bai cika tambayar dillali yawan man da take sha ba. Abin da ya dame shi shekarar ƙira, sanyin esi da kyan fenti, domin litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. A ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, a Oktoban 2024 kuma ta tsallake naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. Farashin ya ci gaba da hawa da sauka tun bayan da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, sai dai man da ake sha a kudancin Katsina a tanka yake zuwa, bayan tafiyar kusan kilomita dubu daga Legas, kuma kuɗin dakon a wuyan mai saye yake.

Wannan ne ya ɗaga darajar motar da a da ake yi wa kallon raini: ƙaramar mota mai ƙofa biyar, wadda but ɗinta ke haɗe da ɗakin fasinja, ƙofar bayanta kuma ke ɗagawa sama. Injinta yakan kama daga lita 1.0 zuwa 1.5, nauyinta bai cika wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. A wannan aji ake samun Toyota Yaris da tsohuwar Starlet, Honda Jazz wadda a Amurka ake kira Fit, Peugeot 206, Nissan Micra, Kia Picanto da Hyundai i10.

Lissafin bai da wuya. Yaris mai lafiyayyen inji takan yi kimanin kilomita 15 da lita ɗaya a kan kwalta. Tsohuwar babbar mota mai silinda shida takan tsaya a wajen kilomita 9. Daga Malumfashi zuwa Katsina kimanin kilomita 150 ne, saboda haka zuwa da dawowa lita 20 ce ga ta farko, 33 ga ta biyu. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke cin kilomita 1,200 a wata zai tarar da bambancin ya kai lita 53. Idan aka ƙaddara lita a naira 1,000, naira 53,000 ke nan, kashi uku cikin huɗu na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024.

Sabuwa ko ta hannu

A takarda zaɓi biyu ne. A aikace, manufofin gwamnati sun riga sun yanke wa mafi yawan masu saye hukunci. A Yunin 2023 Babban Banki ya sakar wa naira mara, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ƙananan sababbin motocin da ake sayarwa a Najeriya, irin su Suzuki Alto da S-Presso, ko sabuwar Starlet da Toyota ta dawo da sunanta a 2020, akasarinsu ƙirar Indiya ne, da dala ake shigo da su, kuma Kwastan na lissafa kuɗin fito ne bisa canjin da Babban Banki ya fitar. Mafi arha a cikinsu ta wuce naira miliyan goma nesa ba kusa ba. Miliyan goma kaɗai albashin kusan shekara 12 ne ga mai karɓar naira 70,000, ko da bai ci bai sha ba.

Bashi ma bai buɗe ƙofar sosai ba. A Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa. Masu gudun ruwa kan nemi murabaha a bankuna irin su Jaiz da TAJ, inda banki ke sayen motar ya sayar da ita da ribar da aka amince a kai, amma nan ma sai da albashin da zai iya ɗaukar biyan wata-wata. Gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP a 2024 don lamunin kayan amfani, har da motocin da aka harhaɗa a gida. Sai dai masana'antar Ɗangote da Peugeot da ke hanyar Kaduna zuwa Abuja, magajiyar sunan da PAN ta kafa a Kakuri tun 1975, ta fi karkata ga motoci masu but daban da manyan motoci, ba wannan ƙaramin aji ba.

Wanda ke da halin sabuwa yana sayen kwanciyar hankali na shekaru uku ko fiye, ƙarƙashin garantin kamfani. Sharaɗin garantin shi ne a riƙa yin sabis a garejin da kamfanin ya amince da shi, irin waɗannan kuwa a manyan birane suke. Mazaunin Malumfashi zai riƙa bin hanyar Dayi da Gwarzo zuwa Kano, ko ta Funtua da Zariya zuwa Kaduna, don juyen baƙin mai kawai. Haka kuma sabunta ba ta nufin ƙarfin jiki: S-Presso da ake sayarwa a Indiya ba ta sami tauraro ko ɗaya ba a gwajin karo na Global NCAP a 2020, wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu kuma ta sami uku a 2022. Tambayar ko akwai jakar iska da birkin ABS a cikin wadda za a biya wa kuɗi ba ƙauyanci ba ne.

Ta hannu kashi biyu ce: wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, da ake kira Beljiyam ko 'yar Kwatano, da wadda ta riga ta sha hanyoyin gida. Ta biyun ta fi arha, kuma wani lokacin ta fi aminci, idan an san mai ita da bakaniken da ke duba ta. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Abin nema shi ne a san ta ina.

Wadda bakanike ya sani

Tsimin mai a littafin kamfani bai isa ma'auni ba a garin da kayan gyara ke zuwa daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Motar da ta rage naira dubu goma na mai a wata, sannan ta kwana mako biyu a gareji tana jiran wani ɗan ƙarfe daga Legas, ba ta yi wa mai ita tsimin komai ba. Shi ya sa Golf 3, wadda Volkswagen ta ƙera a shekarun 1990 kuma ta ɗan girmi wannan aji, ta ƙi barin tashoshin Funtua da Malumfashi: kusan kowane gareji ya san cikinta.

A cikin ƙananan, Yaris ta fi kusa da wannan matsayi. Injinanta masu lita 1.3 da 1.5 sarƙa ce ke daidaita musu aiki, ba bel ba, kuma suna jure wahala matuƙar ana canza baƙin mai a kan lokaci. Wadda aka shigo da ita daga Amurka tana da otomatik na gargajiya mai giya huɗu, wanda ba ya ba da ciwon kai. Wasu na Turai kuwa suna ɗauke da giyar da ake kira MMT, manuwal ce da kwamfuta ke taka wa kuloci, kuma idan ta rikice masu iya gyaranta ƙalilan ne. Honda Jazz ta fi sauran fili a ciki, kujerun bayanta na kwantawa su ba da wurin kaya, amma tsofaffin na Turai filogi takwas gare su a silinda huɗu, abin da kan sa a canza huɗun gaba a manta da na baya, mota ta koma zuƙar mai. Otomatik ɗinta na CVT yana da mansa na musamman; a zuba masa na sauran motoci, an kama hanyar kashe shi. Peugeot 206 na cin gajiyar tsohuwar sabon da Arewa ta yi da Peugeot, sai dai bel ɗin injinta idan ya tsinke a kan tafiya yakan lanƙwasa bawul, otomatik ɗinta kuma ya yi ƙaurin suna. A wannan yanki, manuwal ta fi kwanciyar rai a kusan kowanne ƙira.

Akwai tarko ɗaya da ya shafi Vitz, wato sunan Yaris a Japan. Sitiyarinta na asali a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun Afrilun 1972, kuma dokokin hanya ba su yarda da mota mai sitiyarin dama ba. Waɗanda ake gani an juya musu sitiyari ne, wasu da walda. Ɗaga kafet a duba ƙarƙashin dashbod kan tona asirin aikin.

Hanya da kaya

Wannan yanki na noma ne, kuma mota a nan ba ta ofis kaɗai ba ce. Ita ce za ta kai taki gona a Ƙafur, ta ɗauko masara ko waken suya zuwa kasuwar Bakori ko Ɗandume, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Abin da ƙaramar mota ke iya ɗauka, har da mutanen cikinta, bai cika wuce kilo 400 ba: direba da buhu uku na masara sun cika ma'auni. Abin da ya haura haka shokozoba da taya ne za su biya, tsimin man kuma ya tafi. Tsakanin cikinta da ƙasa galibi santimita 13 zuwa 16 ne, wanda ya wadatar a kan titin Funtua zuwa Yashe, amma a hanyar burji cikin Agusta dutse ɗaya na iya fasa tukunyar baƙin mai. Wanda gonarsa ke nesa da kwalta gara ya bar wa babur ko a-kori-kura wannan aikin.

Batun tsaro ma ya shiga lissafi. A yankin da Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da ƙauyukan Malumfashi kansu suka sha hare-haren 'yan bindiga, motar da za ta mutu a daji dab da magariba ta fi ƙarfin asarar kuɗi. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita abin da za a sayar wa mai mota zuwa naira 5,000 a ƙananan hukumomin da matsalar ta shafa. Masu ƙananan motoci ne suka fi samun sa'ida a watannin.

Gas ɗin CNG da gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023 ya fi fetur arha, amma amfaninsa ya rataya ne a kan samun wurin cikawa kusa, kuma tukunyarsa kaɗai na cinye kusan duk but ɗin ƙaramar mota.

Ranar dubawa

A je da bakaniken da mai saye ne zai biya shi, ba na dillali ba, kuma a tayar da injin da sassafe yana sanyi, lokacin da hayaƙi da ƙara ba sa ɓuya. Abubuwa biyu da ake yawan cirewa su ne ke mayar da mota mai tsimi mashayiya. Na farko matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda bakanikai ke kira indomi. Ana sace ta saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, rashinta kuma kan rikita na'urorin da ƙwaƙwalwar mota ke auna mai da su. Na biyu tamostat: an saba cire shi a haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu, alhali injin da bai kai zafin aikinsa ba ƙarin mai yake sha. Mai rewaya da ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwa zai gano duka biyun, har ma da fitilar gargaɗin da aka toshe don kada ta kama.

Motocin Amurka da yawa daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye ake sayo su. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wato VIN, tana buɗe tarihinsu a intanet da kuɗi kaɗan. Tsatsa a ƙarƙashin kujera da warin danshi a kafet alama ce ta ruwa, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa gama warkewa. Ma'aunin kilomita kuwa ana mayar da shi baya. Sulɓin sitiyari da cinyewar robar birki sun fi shi gaskiya.

Takardu

Nan ne araha ta fi cin mutane. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma hanyar Kwatano, Maraɗi da Jibiya ba ta mutu ba, ta koma ta fasa-ƙwauri ne. A 2022 Kwastan ta koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar VIN, aka tsayar da kashi 20 cikin ɗari na fito da ƙarin kashi 15 na haraji a kan motocin hannu, abin da ya ƙara tazarar farashi tsakanin mai takarda da marar takarda. A Maris na 2024 hukumar ta ba da kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su je su biya. Motar da ba a biya mata fito ba ana iya ƙwace ta a shingen hanya ko da ta bi hannu biyar, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ke da asara. Kafin a biya ko sisi, a kai takardar fito ofishin Kwastan a tantance ta, a gwada lambar shasin da ke jikin mota da ta takarda harafi bayan harafi, a kuma bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta.

Kuɗin mota ba ya ƙarewa a hannun mai sayarwa. Akwai la'adar dillali, canjin sunan mallaka da lamba a ofishin lasisi, sai inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda NAICOM ta ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, 'yan sanda kuma suka fara tilasta ta a Fabrairun 2025. Jami'an FRSC da na KASSAROTA na kan hanya kullum. Bayan waɗannan, kowace motar hannu na buƙatar juyen baƙin mai da na giya, sababbin filogi, matatar iska saboda ƙurar hunturu, da tayoyi. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta shekara shida, ko da zanenta bai goge ba, ba ta da amana a zafin kwaltar Afrilu tsakanin Malumfashi da Kankiya.