Daga Ƙarfe Zuwa Roba: Abin Da Maƙogwaron Injin Ya Koya Mini

Duk direban da ya taɓa barin Sabha ya nufi Jufra ya san Tamanhint, ya san Samnu, ya san Zighan. Garuruwa ne na dabino da gonakin rijiya a tsakiyar yashin Fazzan na ƙasar Libiya. A Zighan, ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin kwalta, na yi shekaru ina kanikanci, kuma a nan na farga cewa sana'ar da na koyo a Kano ta sauya a hannuna ban ankara ba. Manifol ne ya fargar da ni.

Ga wanda bai saba leƙa cikin mota ba: injin ma numfashi yake yi. Iska takan bi ta matata, ta wuce totur, ta faɗa cikin wani tulu mai rassa, kowane reshe ya kai ta bakin silinda guda. Wannan tulun shi ne manifol. Maigidan da ya koya mini aiki maƙogwaro yake ce masa, kuma har yau ban ji sunan da ya fi wannan dacewa ba.

Lokacin da aka kai ni gareji, a farkon shekarun 1980, Nijeriya tana harhaɗa motocinta. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara fitar da mota tun 1975, Fijo 504 ta cika ko'ina. Ana haɗa manyan motocin Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu. Duk manifol ɗin da ya zo hannunmu ko dai na alminiyam ne ko na ƙarfen zubi, da kafireta zaune a kansa kamar rawani. Irin wannan ba ya mutuwa. In ya tsage a kai wa mai walda. In fuskarsa ta karkace saboda zafi, aikin yara ne.

Na tuna yadda ake yi kamar yau. Maigida yana da wani guntun gilashi mai kauri da yake ɓoyewa a bayan akwatin sufanu. Sai ya shimfiɗa samfefa a kai, ya ɗiga kananzir, ya shafa wa fuskar manifol ɗin baƙin toka, ya miƙo mini. "Yaro, goga har baƙin ya ƙare. In ka danna gefe ɗaya, kai da abincin rana sai gobe." Haka zan durƙusa ina kai da kawowa, ina ɗagawa ina dubawa, har ƙarfen ya yi fes ko'ina daidai. Direbobin haya masu son gudu kuma sukan sa a bi cikin rassan da magagari a kankare kaushin da zubi ya bari. Ƙarfe yana da haƙuri. In ka ci da yawa, akwai sauran nama a bayansa.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari talaka, masana'antun suka fara durƙushewa. Sai tsofaffin motoci 'yan Kwatano suka shigo, kasuwar Ƙofar Ruwa ta cika da injinan Beljiyam. Tare da su injekta ta zo ta fara korar kafireta. Da yawa cikinmu, da muka rasa gane wayoyin, sai mu cire komai mu ɗora tsohuwar kafireta mu ce mun yi gyara. A cikin wannan ƙuncin ne na bi sahun masu haurawa arewa: Damagaram, Agadas, Dirku, Tummo, Gatrun, sai Sabha. Ƙasa ce da ayarin raƙuman fatake suka ratsa tsakanin Kano da Tarabulus shekaru aru-aru, mu kuma muka ratsa ta a saman kaya bisa gingimarin Marsandi.

A Fazzan na tarar da abin da na sani. Land Cruiser mai injin gas 1HZ, Hilux mai kafireta, tsofaffin Fijo, duk maƙogwaronsu ƙarfe ne. Larabawa suka fara kirana Usta, wato gwanin sana'a, ni ma na yarda na kai.

Sai Toyota ta fito da injin fetur mai lita 2.7, wanda ake kira 2TR-FE, a 2004, kuma ba a daɗe ba sababbin Hilux suka fara iso mana da shi. Ranar da na fara buɗe ɗaya na ga manifol baƙi wuluk, na ƙwanƙwasa shi da sufana na ji ƙarar bokiti. Muka taru muna dariya, mu 'yan Kano da 'yan Maraɗi da ke gareji ɗaya. Wani ya ce Japan ma ta fara ha'inci. Wani ya ce zafin gibli, iskar nan mai ƙuna da ke tasowa daga kudu, zai narkar da shi kafin shekara.

Bai narke ba. Daga baya na gane cewa ba robar bokiti ba ce. Nailan ne da aka cuɗa da zaren gilashi, kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma mai ƙarfin cikinsa sai zafi ya kai wajen digiri 260 yake narkewa. Masu ƙera mota sun rungume shi gadan-gadan tun shekarun 1990 saboda dalilai uku. Bai kai alminiyam nauyi ba. Ba ya ɗaukar zafin injin da sauri, don haka iskar da ke shiga takan fi sanyi, iska mai sanyi kuwa ta fi cika silinda. Sannan cikinsa sumul yake fitowa daga masana'anta, ba ya bukatar magagarin kowa. Da farko a kan wani ƙarfe mai saurin narkewa ake zuba shi, in ya daskare a narkar da ƙarfen ya tsiyaye. Daga baya aka koma yin sa ɓari biyu ko uku, a goga su da juna da inji har bakinsu ya narke ya haɗe. Wannan layin haɗin shi ne inda yakan fara buɗewa.

Su ma masu ƙerawar sun sha tasu wuyar. Ford ta sa manifol na roba zalla a injinta mai lita 4.6 daga 1996, har da hanyar da ruwan lagireto ke bi, sai wurin ya riƙa fashewa. Maganar ta kai kotu a Amurka, kamfanin kuma ya koma yin wannan sashen da alminiyam.

Tawa wuyar a Zighan na sha ta. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, hanyar Tarabulus, mai nisan fiye da kilomita 700, takan toshe, kayan gyara su yi wuya. Da aka gano zinariya a Jado ta ƙasar Nijar a 2014, Hilux ta zama ita ce raƙumin zamani, ba ta hutawa. Wata rana wani direba ɗan Agadas ya kawo tasa, silo yana hawa yana sauka, fitilar injin a kunne. Na fesa ruwa a jikin manifol, injin ya shaƙe, na ga tsaga siririya kamar gashi kusa da noti. Wani ne ya ɗaure shi ɗaurin ƙarfe.

"Usta, gobe da asuba nake son tashi," in ji shi.

"Kar ka damu, ɗan'uwa, aikin minti talatin ne."

Na yi abin da kowa ke yi a lokacin: na ɗiga gam mai kamawa nan take, na barbaɗa yashi, na sake ɗigawa. Ya yi tauri kamar dutse. Don aikin ya yi kyan gani, na sa samfefa na shafe wata jijiyar jikin manifol ɗin da ke kusa da wurin. Bayan mako uku aka jawo motar da igiya. Gam ɗin ya ɓamɓare, tsagar ta bi inda na shafe jijiyar ta ninka tsawonta, kuma tunda ramin yana bayan matata ne, injin ya yi ta shan ƙurar sahara kai tsaye. Zobban fistin sun cinye, silinda ta yi zane, baƙin mai ya koma kamar kunun yashi. Allah ya taimaka a kusa da gari ta tsaya. Da a tsakanin Dirku da Tummo ne, da ba maganar injin za a yi ba. Gyaran gangar Abzinawa na yi, na kuma biya daga aljihuna.

Tun daga ranar na koma ɗalibi. Na lura kowane manifol yana da rubutu a jikinsa, PA66-GF30 ko PA6-GF30, wanda ke faɗin irin robar. Robar bamba daban ce, ko ka narka ta a kai ba za ta kama ba. Saboda haka na riƙa tara matattun manifol ina yanka su siri-siri kamar tsinken tsire. In tsaga ta zo, sai in wanke wurin da fetur da sabulu har maiƙo ya fita, in shanya ya bushe sarai, domin nailan yana shan danshi, in ba haka ba waldar ta yi kumfa. In huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, in fafe ta kamar kwari, in bi da ƙarfen soda mai zafi ina narkar da tsinken a ciki sannu a hankali. In hayaƙi ya tashi, na ƙona ke nan, sai a kankare a sake. Bayan ya huce, a toshe duk bakunan, a hura iska kaɗan, a shafa ruwan sabulu. Ƙwayar kumfa ɗaya ta isa a sake aiki. Zobban robar da ke zaman gaskit kuwa sababbi ake sawa, a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, ɗaurin da bai fi ƙarfin yatsu uku ba. Mai gogawa kuma ya rufe hanci, don garin gilashin nan ba abokin huhu ba ne.

Yaran yanzu suna nuna mini hotuna a waya na abin da masu sha'awar mota ke yi a Amurka. Injinan V8 na manyan a-kori-kurar Chevrolet da GMC, tun daga 1999, suna zuwa da wani dogon manifol na roba mai ƙusoshi da jijiyoyi ta ko'ina. Su kuwa sai su yanke ƙusoshin, su cike ramuka, su goge shi sumul, su fesa fenti, ya yi ƙyalli kamar tangaran. Aikin akwai gwaninta, ban musa ba. Amma gogar waje ba ta ƙara wa injin ƙarfin ko jaki ɗaya. Tsawon rassan nan shi ke ba motar ƙarfin jan kaya tun injin bai ɗau zugi ba, jijiyoyin kuma su ke riƙe bangon idan iska ta tsotse shi ciki ko injin ya yi tari ta baya. Wanda zai kai motarsa wurin baje koli ya koma gida yana iya shafe su. Wanda zai ɗauki mutum ashirin da jarkokin ruwa ya shiga hamadar Tenere ba shi da wannan damar.

Abin da zan gaya wa 'yan'uwana kanikawa, daga Ƙofar Ruwa har Sabha, shi ne: hannun da ya koyi aiki a kan ƙarfe sai ya koyi sassauci. In za ka goge, ka tsaya ga ɗan tudun da haɗi ya bari a cikin reshe, ka ƙyale jijiya. In tsaga ta bi layin haɗi ko ta kai mazaunin totur, ka gaya wa mai mota gaskiya ya nemi wani, ko da zai yi fushi ya tafi garejin gaba. Kuma kada manifol ya bar hannunka sai ya ci jarrabawar ruwan sabulu.